Wuri Ɗaya, Numfashi Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnen basira.

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun ana ciniki da kuɗin wuri, tun aljanu suna ratsa kasuwannin mutane da rana tsaka ba a gane su, an yi wata ƙasa can bayan tsaunuka, sunanta Zarmuda. Sarkinta ana ce da shi Sarki Cindo, mutum ne mai kwarjini da sakin fuska, ba azzalumi ba, ba kuma marowaci ba. Allah ya ba shi 'ya ɗaya tilo, Gimbiya Tasalla, wadda aka yi wa baiko da Yarima Tunau, ɗan sarkin ƙasar da ke gabas da su. Su biyun suna son juna tun suna ƙanana, har an sa ranar biki.

To, a fadar Zarmuda akwai wata al'ada da aka gada kaka da kakanni. Sarki ba ya ɗaga murya a bainar jama'a. In zai yi kyauta, sai ya faɗa a hankali, Sanƙira kuma, wato shugaban maroƙan fada, ya miƙe ya shelanta wa duniya. Sanƙiran farko, don ya girmama ubangidansa, in an ba da goma sai ya ce ashirin. Wanda ya gaje shi ya ga bai kamata ya gaza na baya ba, sai ya riƙa cewa ɗari. Haka abin ya yi ta hawa, sarki bayan sarki, har ya zamana a zamanin Sarki Cindo, in aka bai wa wanzami wuri ɗari biyu, sai Sanƙira Nababa ya cika ƙirji ya ce an ba shi zambar dubu, wato dubu sau dubu. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin ƙarya. Ado ne na fada, kamar alkyabba. Sai dai waɗanda aka haifa a cikin gidan sarauta sun tashi suna jin manyan lambobi safe da yamma, har suka zame musu kamar kiɗan tambari, abin daɗin ji wanda ba a tambayar nauyinsa. In ka ce wa Sarki Cindo dubu, ko ka ce masa dubu sau dubu, duk abu ɗaya yake ji: da yawa.

Ana nan sai wata shekara damina ta yi gardama, rani ya biyo baya da tsanani, rijiyoyin birni suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Mata suka riƙa fita tun da sassafe da tuluna, su dawo da rana tsaka da ruwa ja kamar kunun kanwa. Sarki ya tara malamai da bokaye da maginan rijiya, kowa ya yi iyakar yinsa, ƙasa ta ƙi ba da ko ɗigo.

Ran nan fada ta cika, sai ga wani dogon tsoho ya shigo, sanye da farar riga, yana dogara sandar baƙin ƙarfe. Bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Ya ce, "Sarkin Zarmuda, na ji kukan matan garinka ya hana ni sukuni. Ka biyo ni."

Sarki da fadawa suka bi shi har gindin wani baƙin dutse da ke bayan ganuwa. Tsohon ya ɗaga sandarsa ya bugi dutsen sau ɗaya, dutsen ya tsage, ruwa mai sanyi fari tas ya ɓulɓulo, ya kama gangara cikin gari. Mutane suka faɗa ciki da tufafinsu, wasu suna sha, wasu suna kuka.

Da aka koma fada, Sarki ya sunkuya ya ce wa Sanƙira a hankali, "A ba shi keso guda." Keso kuwa buhun tabarma ne mai cin wuri dubu ashirin, kayan da ƙato ɗaya yake ɗauka a ka. Kyauta ce babba ƙwarai a wancan zamani.

Sanƙira Nababa ya miƙe, sai ya tuna jiya jiyan nan ya shelanta zambar dubu a kan kyautar wanzami. Ina zai kai mutumin da ya shayar da gari? Ya ja numfashi, ya ɗaga hannu, ya ce, "Jama'a ku ji! Zaki, mai Zarmuda, ya bai wa baƙo wuri zambar dubu, har sau dubu!" Wannan shi ne abin da 'yan zamani suke kira biliyan. Fada ta ɗauki sowa, aka buga tambura.

Tsohon bai yi murmushi ba. Ya ce, "Wannan maganar sarki ce, ko ta maroƙi?"

Sarki ya ce, "Abin da Sanƙira ya faɗa, ni na faɗa."

Tsohon ya sake tambaya, aka ba shi amsar nan. Ya tambaya na uku, Sarki ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Baƙo, a gidan nan ba a maimaita kyauta."

Nan take tsohon ya miƙe tsawo har rawaninsa ya taɓa rufin soro, idanunsa suka koma kamar garwashi. Ya ce, "Ni ne Gurmuzu, sarkin aljanun da ke ƙarƙashin duwatsu. Mu a wurinmu magana ba ta da ado. Abin da aka faɗa shi ne abin da aka faɗa, ko mu kanmu ba mu da ikon rage shi. Ka ba ni wurina."

Sarki ya dubi Ma'aji, Ma'aji ya dubi ƙasa, ya ce yana jin sai an ɗan ba shi lokaci ya tattara.

Gurmuzu ya ce, "In wuri ya yi muku wuya, akwai abin da ya fi mini shi amfani. Mu daga wuta aka halicce mu, kuma babban murhunmu da numfashin ɗan Adam yake ci. A ba ni mutum ɗaya na jinin gidan nan ya zauna a bakin murhun. Kowane numfashi da ya yi, na yafe wuri ɗaya."

Sarki ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, har ya yi dariya. Numfashi? Abin da ko barci kake yi yana fita da kansa? Ya buɗe baki zai ce shi zai je, sai Gimbiya Tasalla ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Ranka ya daɗe, bai dace sarki ya bar gadonsa saboda abin da bai taka kara ya karya ba. A bar ni in je. In na tafi yanzu, ina jin kafin la'asar na dawo. Ku dai ce wa masu lalle kada su tafi."

Sarki ya sa mata albarka. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya ɗaura mata guzuri. Ta bi aljanin har bakin dutse, tsagar ta buɗe, suka shige, ta rufe.

La'asar ta yi, ba ta dawo ba. Gari ya waye, fadawa suka ce ai yau kam tana hanya. Ranar biki ta zo ta wuce, abincin da aka tanada aka rabar. Mako ya bi mako. Sarki ya daina cin abinci sai kaɗan, kullum yana zaune a gindin dutsen yana kallon tsagar, yana tambayar duk wanda ya zo, "Wai numfashi nawa ne ya rage?" Ba mai amsa masa, domin duk fadar ba wanda ya taɓa ganin zambar dubu na wani abu da idonsa, balle ninkinsa dubu.

Yarima Tunau ya ga zaman jira ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya faɗi gaban Sarki ya nemi izinin tafiya. Ya hau dokinsa shi kaɗai, ya nufi wani kurmi inda wata tsohuwar matsafiya take zaune, ana ce da ita Kumatu. Ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ɗauko wani ɗan tandu na tozali, ta ce, "Ka sa wannan a idonka, za ka ga hanyar aljanu shimfiɗe kamar farin zare. Amma a ƙarshenta akwai ƙofar tagulla, ita kuwa ba ni da maganinta. Maganinta yana bakinka."

Ya sa tozalin, hanya ta bayyana. Ya bi ta cikin ƙaya da duwatsu, ya haye wani rafi da ruwansa ke gudu zuwa tudu, ya ratsa wani daji da itatuwansa ke juyowa suna kallon mai wucewa, har dokinsa ya gaji ya bar shi a wani kwari mai ciyawa, ya ci gaba da ƙafa. A ƙarshe ya iso gaban wata ƙofa ta jar tagulla, ba ta da mariƙi, ba ta da kafar mabuɗi.

Wata murya ta fito daga cikin ƙofar, ta ce, "Ya kai ɗan sarki, mutum nawa ka kayar a fagen fama?"

Tunau ya tuna kirarin da makaɗansa suke yi masa, ya ce, "Dubu."

Ƙofar ta yi ƙara, ta ƙara tsawo da kauri.

Ya ce, "To, ɗari."

Ta sake ƙaruwa, har ta tare masa hasken rana.

Kunya ta rufe shi ko da yake ba kowa a wurin. Sa'an nan ya ce, "Biyu ne. Ɗayan ma dokinsa ne ya yar da shi kafin in iso."

Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara.

Ya shiga, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Wani kwari ne shimfiɗaɗɗe wanda ido ba ya kai ƙarshensa, an jera keso a cikinsa layi bayan layi, bakin kowanne a buɗe, ba komai a ciki, sun tafi har inda ƙasa ta haɗu da hayaƙi. A bakin kwarin akwai wani murhu mai girman ɗaki, wutarsa shuɗiya, ga Gimbiya Tasalla zaune a gabansa bisa wata kujerar dutse. Duk lokacin da ta saki numfashi, wutar takan ɗan tashi, sai wuri ɗaya ya faɗo daga sama cikin keson da ke kusa da ita. Ƙas. Can kuma, ƙas.

Ta ɗago ta gan shi. Ba ta rame ba, sai dai ya lura inuwarta ta yi shara-shara kamar tsohon mayafi.

Ta ce, "Yarima, ka zo. Zauna in nuna maka abin da ba a koya mana a gida ba. Ka ga keson nan? Tun fitowar rana ta jiya nake cika shi, sai fitowar rana ta yau ya cika. Numfashin mutum na yini da kwana, keso ɗaya ne. Dubi bayanka."

Ya waiwaya, ya ga 'yan keso cikakku an jingine su a gefe, ba su fi a zuba su a zaure ɗaya ba.

Ta ce, "Hamsin ne, na kwana hamsin. Wannan shi ne zambar dubu, abin da Sanƙira yake cewa an bai wa wanzami. Ni kuwa irin wannan tarin sau dubu aka yi alkawari. Na gama ɗaya. Saura ɗari tara da casa'in da tara."

Tunau ya dubi 'yan keson da suka cika, sa'an nan ya dubi kwarin.

Sai ga Gurmuzu ya fito daga cikin hayaƙi. Ya ce, "Keso dubu hamsin ne a kwarin nan, ɗan sarki, kwana dubu hamsin. Ya haura shekara ɗari da talatin. Kuma ka sani, ɗan Adam ba ya wuce kwana sittin a bakin murhun nan ya koma gida. Ranar da inuwarta ta ƙare, ta zama tamu. Ba mugunta nake yi ba. Sau uku na tambayi ubanta."

Tunau ya zube a ƙasa, ya ce, "Ya sarkin aljanu, ka sake ta, ka riƙe ni. Na ba ka duk abin da ya rage mini a duniya."

Gurmuzu ya ce, "In ka yi tsawon rai ƙwarai, ka cika sulusin kwarin nan. Sauran fa?"

Suna cikin haka sai Gimbiya ta ɗaga hannu, ta ce, "Ku yi shiru." Suka yi shiru. Ƙas, ƙas. Can kuma, ƙas, ƙas. Ta ce, "Kwana hamsin ina jin ƙarar nan, na san ta kamar bugun zuciyata. Tun da Yarima ya ce ya bayar, bibbiyu suke faɗowa." Ta juya ga aljanin. "Ashe murhunka ba ya zaɓen numfashi?"

Gurmuzu ya ce, "Duk numfashin da aka bayar da yardar rai, wuta tana karɓa. Wanda aka tilasta, ba ta ci. Ban taɓa hanawa ba, ba a dai tambaye ni ba."

Ta ce, "Yarima, abin da ya fi ƙarfin ran mutum ɗaya, kwana ɗaya ne ga mutum dubu hamsin. Ka koma ka faɗa wa Baba."

Gurmuzu ya yarda ya buɗe masa hanya ta tsagar dutse, ya kuma ce ƙofar tagulla za ta tsaya a can, duk mai shiga sai ya amsa mata. Tunau ya roƙi aron keso ɗaya cikakke, ya ɗora a ka, ya taka cikin tsagar, sai ga shi a bayan ganuwar Zarmuda. Yana fitowa ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwan farko ya sauka da safen nan.

Ya sauke keson a gaban Sarki, ya kwance bakinsa, wuri ya zube har kan ƙafafun fadawa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan kwana ɗaya ne na ran Gimbiya. Irinsa dubu hamsin ake bin ka. Da za a ɗora wa ƙarti su fita da su a jere, na gaba zai yi tafiyar kwana biyu kafin na ƙarshe ya bar ƙofar gari." Ya kwashe sauran labarin duka ya faɗa masa.

Sarki ya sa aka fito da duk abin da ke cikin baitulmali, aka jera a farfajiya. Keso ɗari uku ne. Dukiyar da sarakuna bakwai suka tara ba ta kai kwanakin shekara guda ba. Sarki ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Sanƙira Nababa ya matso, ya ce, "Zaki, kada ka damu. Ai talakawanka zambar dubu ne. In kowa ya ba da numfashi dubu, ɗan abin da ya fi sa'a guda, an gama."

Sarki ya ce, "Wa ya ƙirga su?"

Ashe ba wanda ya taɓa ƙirga su.

Sai aka aika mahaya birni da ƙauye, aka ce duk baligi mai lafiya, mace da namiji, ya zo fada da tsakuwa ɗaya a hannu. Suka zo suna gunaguni, domin ƙasa ta jiƙa, kowa irinsa yana cikin ƙwarya, kuma duk manomi ya san wanda ya bar danshin farko ya wuce, geronsa zai yi ta bin na mutane a baya har kaka. Aka zuba tsakuwa, aka kasa ta ɗari ɗari a gaban Sarki, yana kallo da idonsa. Dubu goma sha biyu ce.

Sanƙira ya gyara murya zai yi shela, Sarki ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Ya miƙe da kansa, ya sauke amawalin da ke rufe bakinsa, abin da ba a taɓa gani ba a Zarmuda. Muryarsa ba ta saba da fili ba, sai da mutane suka matso.

Ya ce, "Jama'ata, na yi alkawarin abin da ban san girmansa ba, 'yata tana biya da ranta. Ina roƙon kwanakinku. Ba umarni ba ne, domin abin da aka tilasta ba ya karɓuwa."

Wata tsohuwa mai suna Inna Delu ta ratso taro tana dogara sanda. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, tsufa ya cire mini tsoro. Bara da gobara ta cinye ɗakina, ka tausaya mini ka ba ni wuri ɗari uku, na gode, sun yi mini jinka. Amma wancan mai babban bakin ya ce wa duniya an ba ni zambar ɗari. Kafin in isa gida dangi sun cika tsakar gidana, kowa da ƙwaryarsa. Har yau ƙanwata ba ta gaishe ni, tana cewa na binne dukiya na hana ta. To yanzu da kake cewa kwanaki, kwanakin fada ne ko irin namu? In kwana biyu ne a bakinku, mu san ko shekara ce."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Inna, irin naku ne. In mutum dubu goma suka yarda, kwana biyar ne kowa. Biyar, kamar yatsun hannunki. Kwanakin shuka ne, na sani. Geronku zai makara, kuma ba ni da abin da zan biya ku, domin dukiyata ga ta nan a farfajiya, ita ma can za ta. Abin da ke cikin rumbunana na hatsi, naku ne in kaka ta gaza. Ba ni da abin da ya wuce wannan."

Inna Delu ta ɗaga hannunta ta dubi yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Tun ina yarinya nake zuwa ƙofar fadar nan, yau ne na fara jin lissafin da zan iya riƙewa a hannu. Yarinyar nan kuwa ruwan da muke sha take biya. Ni dai numfashina gajere ne, amma yana fita." Ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa ɗaya daga tarin, ta ajiye a gaban Sarki.

Ba kowa ne ya bi ta ba. Wasu suka ce suna da 'ya'ya ƙanana da gona ɗaya tak, suka juya, Sarki bai hana su ba, bai kuma sa a riƙe sunansu ba. Amma tsakuwa ta yi ta sauka, ta maƙera da ta masaƙa, ta mahauta da ta matan aure, har aka kasa aka samu dubu goma da 'yan kai. Waɗanda suka rage suka ɗauki alkawarin kula da yara da dabbobi.

Da gari ya waye suka nufi dutse, Sarki a gaba da ƙafa, bayi ɗauke da keso ɗari uku. Ƙofar tagulla tana tsaye a cikin tsagar. Ta ce, "Sarkin Zarmuda, mutanenka nawa?"

Ya ce, "Dubu goma ne suka biyo ni. Kuma ba nawa ba ne, aron kansu suka ba ni."

Ta buɗe. Kowa ya zo sai ta tambaye shi kwana nawa ya kawo, ya ce biyar, ya wuce. Da aka zo kan Sanƙira Nababa, bakinsa ya riga shi, ya ce, "Kwana dubu..." Ƙofar ta rufo har ta kama masa gefen riga. Ya yi ƙara, "Biyar! Wallahi biyar!" Ta sake shi.

Suka zauna a bakin kwarin, sahu bayan sahu, Sarki kusa da 'yarsa, wadda inuwarta ta kusa ɓacewa. Ya kama hannunta. Sai wutar murhu ta tashi shuɗiya har sama, wuri ya fara zuba. Ba ƙas, ƙas ba ne yanzu. Kamar ƙanƙara ce a kan rufin kwano, kamar ruwan tsakiyar damina, ba tsayawa. Keso suka riƙa cika layi layi, mutane suna kallo da baki buɗe, kowa yana ganin ɗan numfashinsa da bai ɗauka komai ba yana tafiya cikin na jama'a. Ba su ji yunwa ba, ba su ji ƙishirwa ba, sai dai tunanin gonakinsu da ke shan rana a waje.

Kafin kwana na biyar ya cika, ƙarar ta tsaya cak. Wuri na ƙarshe ya faɗo shi kaɗai, kowa ya ji shi. Ƙas.

Gurmuzu ya tsaya a gabansu, ya ce, "An biya, ba ragi, ba ƙari. Ruwan dutse naku ne har abada." Gimbiya ta miƙe, inuwarta ta miƙe tare da ita, baƙa wuluk.

Sun fito sun tarar danshin farko ya wuce. Suka jira ruwa na biyu suka yi shuka, geron shekarar bai yi kai sosai ba. Sarki ya buɗe rumbunansa kamar yadda ya ce, aka auna wa kowa da mudu a gaban idonsa, gidan sarauta ma suka ci tuwon dawa ba nama har rani ya fita. Ba wanda ya mutu da yunwa. Ƙanwar Inna Delu kuwa, da ta ji a bakin Sarki cewa ɗari uku ne, ta zo da ƙwaryar fura ta durƙusa a ƙofar ɗakin yayarta.

Bayan kaka aka ɗaura auren Gimbiya Tasalla da Yarima Tunau. Ba a yi biki mai yawan dukiya ba, domin baitulmali fanko ne, amma duk ƙasar ta zo. Da aka fara miƙa gudummawa, Sanƙira Nababa ya miƙe, ya cika ƙirji kamar yadda ya saba, jama'a suka yi tsit. Ya leƙa cikin ƙwaryar da aka miƙo masa, ya sa yatsa ya taɓa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ɗaga murya har bayan ganuwa.

"Jama'a ku ji! Inna Delu ta bai wa amarya ƙwan zabi bakwai! Bakwai, na ƙirga da hannuna!"

Guɗar da aka yi a ranar, tsofaffin Zarmuda sun ce ba a taɓa yi wa zambar dubu irinta ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kun sami wuri ɗaya da na ƙara a cikin lissafin nan, ku tambayi Gizo, a bakinsa na ji.